BABI NA BIYU: TARIHIN SHIRIN DARASI A MAKARANTUN KAZAURE, BABURA, RONI DA GWIWA

2.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai bi diddigin yadda aikin shirya darasi ya samo asali, da irin sauye-sauyen da ya fuskanta a makarantun Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, tun daga zamanin da makarantar allo ce kaɗai ake da ita har zuwa shekarar 2019. Abin da ake nufi da shirin darasi a nan shi ne tanadin da malami kan yi kafin ya fuskanci ɗalibansa, wato ya san abin da zai koyar, da dalilin koyar da shi, da hanyar da zai bi, da kayan da zai yi amfani da su, da kuma yadda zai gane ko an fahimta ko ba a fahimta ba. Babin zai nuna cewa babu wani zamani da aka yi koyarwa a wannan yanki ba tare da tsari ba. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne wanda ke yin tsarin da kuma wanda ake yi dominsa. A duk lokacin da tsarin ya dubi ɗalibin da ke gaban malami, akan ci riba. A lokacin da ya koma takardar da ake cikewa don sa hannun shugaba kuwa, yaro ne kan yi asara.

2.1 Yankin da Hukumomin da Suka Riƙe Shi

Kazaure da Roni da Gwiwa suna cikin Masarautar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa a wajejen shekarar 1819. Babura kuwa gunduma ce ta Masarautar Kano a da, sai a 1991 ta koma ƙarƙashin sabuwar Masarautar Ringim. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga tarihin ilmi, domin a zamanin Turawa En'e ce ke gina makarantun elementare, ita ke ɗaukar malamai, ita ke biyansu. Ke nan makarantun Kazaure da Roni da Gwiwa suna hannun En'en Kazaure, na Babura kuma suna hannun En'en Kano. Sai dai dukkansu suna cikin Lardin Kano, saboda haka manhaja ɗaya suke bi, kuma jami'an ilmi na lardi ɗaya ne ke duba su. Yankin ya shiga Jihar Kano a 1967, sannan ya koma Jihar Jigawa da aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta, 1991.

Mafi yawan mutanen yankin manoma ne da makiyaya, masu noman gero da dawa da gyaɗa da wake. Wannan ya shafi aikin malami kai tsaye, domin da damina yara da yawa kan bi iyayensu gona, haka ma ranar kasuwa aji kan ragu. Malamin da ya tsara darasinsa ba tare da la'akari da wannan ba, zai tarar ya yi wa rabin aji bayani, sauran rabin kuma an bar su a baya.

2.2 Tsarin Darasi a Makarantun Allo da na Ilmi

Kafin zuwan boko, malamin allo ba ya rubuta shirin darasi, amma yana da tsari tsayayye wanda ya gada daga malamansa. Yaro kan fara da haddar Fatiha da gajerun surori da baki. Daga nan sai babbaƙu, inda zai san baƙaƙe da sunayensu na Hausa irin su alu da ambaki. Sai farfaru, wato sanin wasula, sannan ya koyi haɗa baƙi da wasali har ya iya karanta allonsa da kansa. Bayan haka zai ci gaba da bin Alƙur'ani kashi-kashi har ya sauke izu 60. Lokutan karatu ma a kayyade suke: da safe, da yamma, da kuma dare a gaban wutar kara, tare da hutun Alhamis da Juma'a.

Abin lura a nan shi ne, kowane yaro da nasa darasin. Malam kan biya wa yaro karatunsa gwargwadon ƙarfinsa, kuma ba a yarda ya wanke allo a ɗora masa sabo ba sai ya kawo na baya daidai. Wato auna fahimta yana cikin tsarin tun asali, kuma shi ke yanke hukuncin ko a ci gaba ko a maimaita. Haka abin yake a makarantun ilmi na zaure, inda ɗalibi kan bi littattafan fiƙihu a jere, daga Ahalari da Ishmawi da Iziyya zuwa Risala da Askari da Muhtasar, malam yana karanta baƙi yana fassarawa.

Wannan tsari yana da nasa rauni. Ya fi ba da ƙarfi ga hadda a matakin farko, kuma idan yara suka yi yawa, gardawa ne kan karɓi mafi yawan aikin biyawa. Duk da haka ya bar darasi guda mai amfani: abin da yaro ya iya jiya shi ke nuna abin da za a ba shi yau.

2.3 Zuwan Rubutaccen Shirin Darasi, 1909 zuwa 1960

Turawa sun ci Kano a 1903. A 1909 Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Nasarawa, Kano, kuma daga cikin ayyukanta na farko har da horar da malamai waɗanda za su koyar da karatun boko da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya cikin harshen Hausa. A 1921 aka fara Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922. Bayan da E.R.J. Hussey ya zama Daraktan Ilmi na Nijeriya baki ɗaya a 1929, aka tsara makarantu zuwa elementare da midil, aka kuma buɗe cibiyoyin horar da malaman elementare. A Lardin Kano, Kwalejin Horon Malamai ta Wudil ta zama ɗaya daga cikin wuraren da suka yaye malaman da suka yi aiki a ƙauyukan lardin.

Makarantar boko ta zo da abubuwa uku da malamin allo bai saba da su ba. Na farko, aji: yara da yawa suna ɗaukar darasi ɗaya a lokaci ɗaya. Na biyu, jadawali da ƙararrawa: an yanka yini gunduwa-gunduwa, kowane fanni da mintocinsa. Na uku, manhaja wadda hukuma ta rubuta, kuma ta kayyade abin da za a gama a kowace shekara. Waɗannan abubuwa uku su suka tilasta rubuta shirin darasi, domin wanda zai koyar da fannoni biyar ko shida a yini ɗaya, cikin ƙayyadadden lokaci, ba zai iya riƙe komai a ka ba.

Fasalin da aka koya wa malaman wancan zamani ya samo tushe ne daga Turai. Wani masani Bajamushe mai suna Johann Friedrich Herbart, wanda ya rayu daga 1776 zuwa 1841, shi ya kawo ra'ayin cewa sabon ilmi ba ya zama a zuciyar yaro sai an ɗora shi a kan wanda ya riga ya sani. Almajiransa, musamman Wilhelm Rein, suka mayar da ra'ayin matakai biyar: share fage, gabatar da sabon abu, kwatanta shi da abin da aka sani, fitar da ƙa'ida, sannan aiki da ita. Kwalejojin horon malamai na Ingila sun karɓi wannan fasali, daga can kuma ya iso Arewacin Nijeriya. Har yanzu ana ganin sawunsa a littafin shirin darasi, wanda malamai ke kira lesin not, inda akan rubuta ilmin da ya gabata, da gabatarwa, da mataki na ɗaya da na biyu da na uku, da kammalawa.

Samuwar littattafan Hausa ta taimaka wa malami ƙwarai. Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta R.M. East, ta samar da littattafan koyon karatu, sannan ga Magana Jari Ce na Abubakar Imam da ya fito a ƙarshen shekarun 1930, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939. Tun da da Hausa ake koyarwa a elementare, malami da Hausa yake tunanin darasinsa, da ita kuma yake gabatar da shi. Ga shi kuma makarantun ba su da yawa, saboda haka mai duba makarantu kan sami damar zama a bayan aji ya ga yadda darasi ya gudana, ya gwada abin da aka rubuta da abin da aka aikata. Amma ya kamata a tuna cewa wannan inganci na 'yan kaɗan ne, domin yaran da suka shiga boko a yankin a wancan lokaci ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da waɗanda ba su shiga ba.

Malaman Arewa su ma ba su zauna a matsayin masu karɓar umarni kawai ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi kwas a Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan a 1945 zuwa 1946, Malam Aminu Kano kuma ya bi sahu a shekarar da ta biyo baya. Bayan dawowarsa ne ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, wadda ta nemi a kyautata horo da matsayin malami.

2.4 Zamanin Rubuta Manufa, 1960 zuwa 1976

Bayan samun mulkin kai, Gwamnatin Jihar Arewa ta karɓi rahoton Oldman na 1961, ta yi Dokar Ilmi ta 1962 wadda ta kafa hukumomin ilmi na yanki, wato L.E.A. An buɗe Babbar Kwalejin Horon Malamai a Zariya a 1962, aka kuma buɗe irinta a Kano, inda ake ba da takardar N.C.E. Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗauki nauyin kula da manhajar kwalejojin horon malamai na Arewa.

A wannan lokaci ne wani sabon ra'ayi ya shigo daga Amurka. Ralph Tyler a 1949 ya nuna cewa tambayar farko a duk wani tsarin koyarwa ita ce: mece ce manufa? Benjamin Bloom da abokan aikinsa a 1956 suka kasa manufofin ilmi hawa-hawa, daga tuna abu zuwa fahimtarsa, da aiki da shi, har zuwa yanke hukunci a kansa. Robert Mager kuma a 1962 ya dage cewa a rubuta manufa da kalmomin da za a iya gani a auna. Daga nan ne aka sami jimlar da kowane malami ya haddace, mai cewa a ƙarshen darasi ɗalibai za su iya yin kaza. Alal misali, maimakon malami ya rubuta cewa zai koyar da awo, sai ya rubuta cewa ɗalibai za su iya auna gero da mudu su faɗi mudu nawa ke cikin kwano. Wannan ci gaba ne babba, domin ya kawar da ido daga abin da malami zai faɗa zuwa abin da yaro zai iya.

Taron ƙasa kan manhaja da aka yi a Legas a 1969 ya nemi a daidaita ilmi da rayuwar 'yan Nijeriya. A farkon shekarun 1970 kuma Cibiyar Nazarin Ilmi ta Zariya, da taimakon UNICEF da UNESCO, ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a jihohin Arewa, inda aka rubuta jagororin malamai, aka kuma tura masu horarwa suna zagayawa makarantu.

2.5 Shirin U.P.E. da Abin da Ya Biyo Baya

Janar Yakubu Gowon ya ba da sanarwar shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a Sakkwato a 1974, Janar Olusegun Obasanjo kuma ya ƙaddamar da shi a watan Satumba na 1976. An yi hasashen yara miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga kimanin miliyan 3 sun bayyana. Ƙauyuka da dama na ƙasar Kazaure da Babura a wannan lokaci ne suka fara ganin makarantar boko. Don a sami malamai, aka buɗe kwasa-kwasan gaggawa masu tsawon shekara 1 zuwa 5 gwargwadon matakin karatun mai shiga, aka kuma ɗauki malaman wucin gadi waɗanda ba su sami horo ba. A 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato N.T.I., a Kaduna domin horar da irin waɗannan malamai suna bakin aiki.

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da harshen uwa ko harshen yanki a shekarun farko na firamare, sannan a koma Turanci. A aikace kuwa sai aka sami rabuwar kai: da Turanci ake rubuta lesin not, da Hausa ake koyarwa. Malamin da Turancinsa bai nuna ba kan kwafi jimlolin littafi ya cike takarda, idan ya shiga aji kuma ya yi abin da ya sawwaƙa. Ta haka rubutun ya rabu da darasin.

Har ila yau, yawan makarantu ya fi ƙarfin masu dubawa. Abin da ya fi sauƙin dubawa shi ne takardu: rajista, da tsarin aikin zango, da dayari, da littafin shirin darasi. Hedimasta kan sa hannu a farkon mako, sufeto kuma idan ya zo ya duba ko an sa hannun. Sannu a hankali sai sa hannun ya zama shi ne abin nema. Daga nan aka sami al'adar kwafar shirin bara a sauya kwanan wata, ko aron littafin abokin aiki. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, albashi ya riƙa makara, alli da littattafai suka yi ƙaranci, sai lamarin ya ƙara muni. Hausawa na cewa da ruwan ciki kan ja na rijiya. Malamin da ya wuce watanni ba albashi, da wuya ya zauna da dare a gaban fitila yana tsara darasin gobe.

2.6 Daga Kafa Jihar Jigawa zuwa Shiryayyun Darussa

Shekarun da aka kafa Jigawa a cikinsu shekaru ne na jeka-ka-dawo a harkar firamare. An kafa Hukumar Ilmin Firamare ta Ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991 aka miƙa makarantu ga ƙananan hukumomi, sannan aka dawo da ita a 1993 tare da hukumomin firamare na jihohi. Manufar Ilmi ta 1998 ta nuna cewa N.C.E. ce za ta zama mafi ƙarancin shaidar malanta, abin da ya kai ga daina ba da takardar malanta mai daraja ta biyu. Nauyin horar da malaman firamare na jihar ya koma kan Kwalejin Ilmi ta Gumel da cibiyoyin N.T.I. A nan an sami riba, an kuma yi asara. Tsohuwar kwalejin horon malamai kan shirya mutum ya riƙe aji guda ya koyar da kowane fanni, tare da yawan koyarwar gwaji. Mai N.C.E. kuwa, in ban da wanda ya karanci ilmin firamare, a fanni ɗaya ko biyu ya ƙware. A watan Satumba na 1999 aka ƙaddamar da shirin U.B.E. a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, yawan ɗalibai kuma ya sake ƙaruwa.

Daga 2008 zuwa 2017 Jigawa ta kasance ɗaya daga cikin jihohi shida da suka yi aiki da shirin ESSPIN, wanda Gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa. Sauran su ne Kano da Kaduna da Kwara da Legas da Inugu. Binciken da shirin ya yi a farkon aikinsa ya nuna cewa malamai da yawa suna da rauni a kan abin da suke koyarwa. Maganin da aka kawo shi ne bugaggun littattafan darussa na karatu da lissafi, waɗanda suka tsara wa malami aikin kowace rana, da mintocin kowane mataki, da abin da ɗalibai za su yi su biyu-biyu ko a rukuni. Aka kuma horar da jami'ai masu ziyartar makarantu su zauna a aji su ba malami shawara. Shirin T.D.P. na 2013 zuwa 2019 ya ɗora a kan wannan a Jigawa da wasu jihohin Arewa.

Ba a musun amfanin wannan hanya. Ta ba malami mai rauni abin dogaro, ta rage masa wahalar rubutu, ta kuma dawo da mai dubawa cikin aji bayan ya daɗe a ofishin hedimasta. Sai dai tana da iyaka. Wanda ya rubuta darasin bai san cewa yau rabin ajin suna gona ba, bai kuma san yaron da bai gane darasin jiya ba. Bugu da ƙari, shiri ne mai wa'adi. Idan ya ƙare, sake buga littattafai da ci gaba da ziyara sun rataya ne a wuyan jiha da ƙananan hukumomi. Saboda haka bugaggen darasi ba ya ɗauke wa malami aikin tunani. Shi ne zai san cewa a Roni ko Kazaure ba sai an zana dutse a allo ba tun da ga duwatsu a waje, kuma a Gwiwa ko Babura ƙwayar gyaɗa da karan dawa sun isa kayan ƙirga.

2.7 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa shirin darasi a wannan yanki ya ratsa matakai huɗu. A makarantar allo tsarin yana kan malam, kuma allon yaro ne ma'auninsa. A zamanin elementare aka rubuta shi bisa matakan Herbart, ana kuma gwada rubutun da aikin. Bayan 1976 yawan makarantu da ƙarancin horo suka mayar da shi takardar sa hannu a wurare da dama. Daga 2008 kuma hukuma ta shiga rubuta darasin da kanta tana miƙa wa malami. A kowane mataki, abin da ya bambanta shiri mai amfani da marar amfani abu ɗaya ne: ko an fara da tambayar abin da yaro ya iya, an kuma rufe da tabbatar da abin da ya ƙaru da shi. Inda aka bar wannan, yaro kan iya shafe shekara 6 a firamare, littafin malaminsa cike da sa hannu, shi kuwa bai iya karanta wasiƙa ba. Babi na gaba zai dubi fasalin littafin shirin darasi sashe-sashe, da yadda hedimastoci da masu duba makarantu ke amfani da shi.